Ciyar da jariri bakwaini: nonon uwa, roba, kofi ko madarar gwangwani?

Tambaya: Wani magidanci daga Daura ya rubuto cewa maiɗakinsa ta haihu cikin yana da mako 31, jaririyar ta zo da nauyin kilo 1.4, kuma yau kwananta uku a ɗakin jarirai na wani asibiti a Katsina. Ana ba ta nonon uwarta ta wata siririyar roba da aka zura mata ta hanci, abin da ake ba ta kuwa bai cika cokali ba, ga shi nonon bai kawo sosai ba. Mahaifiyarsa tana ganin yunwa za ta illata yarinyar, ta ce a sayo madarar gwangwani da fida, ko kuma a ba ƙanwar mai jegon, wadda ke goyo, ta shayar da ita. Yana son sanin abin da binciken likitoci ya tabbatar.

Amsa: Malam, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Damuwar Hajiya mahaifiyarka tana kan hanya, domin duk wanda ya raini 'ya'ya ya ga ana ba jinjiri abin da bai cika cokali ba dole hankalinsa ya tashi. Sai dai bisa bayanin da ka yi, abin da ake yi wa yarinyar shi ne daidai. Tambayarka ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba: wane nono ko madara za a ba ta, da kuma ta wace hanya zai isa cikinta. Hujjar da ke kan na farko tana da ƙarfi ƙwarai, shi kuwa na biyu yana sauyawa ne gwargwadon yadda jaririyar ke ƙara ƙwari.

Dalilin robar shi ne wannan. Shan nono aiki uku ne a lokaci guda: tsotsa, haɗiya da numfashi. Ɗan tayi yana fara tsotsa da haɗiya tun yana ciki, amma iya jera ukun nan ba tare da ɗaya ya shiga hanyar ɗaya ba sai wajen mako 32 zuwa 34 yake samuwa. Jaririyar da aka haifa a mako 31 za ta iya kama kan nono ta ɗan tsotsa, amma ko dai ta gaji kafin ta samu abin kirki, ko ta ƙware nonon ya bi ta huhu, ko numfashinta ya ɗauke. Robar tana kai nonon ciki kai tsaye, yarinyar kuma ta adana ɗan ƙarfin da take da shi domin ɗumama jikinta da girma. Idan ka tsaya lokacin da ake ba ta, za ka ga nas ta fara tabbatar da cewa bakin robar yana cikin tumbi, sannan ta haɗa sirinji wanda aka cire masa abin turawa, ta zuba nonon, ta ɗaga shi sama kaɗan, nonon ya riƙa gangarawa da kansa a hankali. Uwa za ta iya koyon riƙe sirinjin nan, kuma yana da kyau ta koya, amma kada wani daga cikin dangi ya tura nonon da ƙarfi don ya ga an gama da wuri.

Ƙanƙantar abin da ake ba ta ma da lissafi ake yin sa. Ga jariri mai irin nauyinta akan fara da abin da bai wuce mililita 10 zuwa 20 ba ga kowane kilo na nauyinsa a yini, wato kusan mililita 2 duk bayan awa biyu, sauran ruwa da sukarin da jikinta ke buƙata kuma suna shiga ta ƙarin ruwan da aka sa mata a jijiya. Wannan ɗan nonon na farko amfaninsa shi ne ya tayar da hanji ya fara aiki, domin hanjin da aka bari babu komai a cikinsa yakan yi rauni. Daga nan ake ƙarawa kullum har a kai mililita 150 zuwa 180 ga kowane kilo a yini, wanda ga 'yarka zai kama kusan mililita 18 zuwa 21 duk awa biyu, sai a cire ƙarin ruwan.

A da likitoci suna jinkirta fara ciyar da irin waɗannan jarirai kwanaki, kuma suna ƙarawa da kaɗan-kaɗan saboda tsoron ciwon hanji. An gwada wannan tsoro. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya da Ailan, aka wallafa a 2019, ya raba jarirai 2,804 da aka haifa kafin mako 32 ko kuma nauyinsu bai kai kilo 1.5 ba gida biyu: wasu ana ƙara musu mililita 18 ga kowane kilo a kullum, wasu 30. Waɗanda aka ƙara wa da sauri sun kai cikakken abinci a kusan kwana 7, ɗaya rukunin a kusan kwana 10, kuma ba a ga ƙarin ciwon hanji ko bambanci a rayuwa da lafiyar ƙwaƙwalwarsu ba da suka kai shekara biyu. Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Nuwamba na 2022 sun bi wannan: a fara ciyarwa tun ranar farko, kuma ana iya ƙarawa har mililita 30 ga kowane kilo a kullum. A wurinmu wannan yana da ƙarin muhimmanci, domin kowace ranar da allurar ƙarin ruwa ta ƙara a jikin jariri ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Saboda haka kana da damar ka tambayi likitan da ke duba ta nawa ake ƙara mata a kullum, kuma idan an tsayar da ƙarin, mene ne dalili.

Yanzu ga maganar madarar gwangwani, wadda ita ce zuciyar tambayar. Akwai wani ciwo da duk likitan jarirai yake tsoro, wanda ke sa bangon hanjin bakwaini ya kumbura ya fara ruɓewa. Cikin jaririn yakan kumbura ya yi sheƙi, ya riƙa amai kore, jini ya fito a kashinsa, wani lokaci hanjin ya huje sai an yi tiyata. Yana kashe kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda ya kama sosai, har a ƙasashen da ke da kayan aiki. A 1990 Alan Lucas da Tim Cole suka wallafa a mujallar Lancet sakamakon bin diddigin jarirai bakwaini 926 a Ingila, inda suka samu cewa ciwon ya ninka sau shida zuwa goma a jariran da aka ciyar da madarar gwangwani zalla idan aka kwatanta da waɗanda suka sha nonon mutum zalla. Wani abin lura a binciken shi ne waɗanda aka haɗa musu nono da madara sun fi masu shan madara zalla tsira daga ciwon nesa ba kusa ba, abin da ke nuna cewa ko nonon uwa bai isa ba, ɗan abin da ta samu yana da amfani. Bayan haka, da masana na ƙungiyar Cochrane, mai nazarin sakamakon binciken likitoci, suka tattara gwaje-gwajen da aka kwatanta madarar gwangwani da nonon wata mace da aka tatsa aka adana, sun samu cewa madarar tana kusan ninka haɗarin ciwon sau biyu.

Gaskiya ne cewa waɗannan gwaje-gwaje sun kuma nuna jariran da ke shan madara sun fi saurin ƙara nauyi a asibiti, kuma wannan ne abin da ido ke gani, shi ya sa dangi ke yaba madara. A ganina cinikin bai yi daidai ba. Nauyin da ya yi jinkiri ana cim masa daga baya, hanjin da aka yanke kuwa ba ya dawowa. Nonon uwa yana ɗauke da sinadaran garkuwar jiki da ƙwayoyin halitta masu rai da ke lulluɓe hanji, kuma nonon matar da ta haifi bakwaini ya fi na wadda cikinta ya cika yawan furotin a makonnin farko.

Akwai kuma abin da binciken Turai bai auna ba, wanda mu muke gani. Garin madarar jarirai ba tsarkakke ba ne daga ƙwayoyin cuta ko da gwangwanin sabo ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce shi. Ga tsada, wadda ke sa idan gwangwani ya kusa ƙarewa a fara rage awo ana ƙara ruwa. Duk da haka madara tana da ranarta. Idan uwa ta rasu, ko tana cikin mawuyacin rashin lafiya, ko an yi duk abin da ya kamata nonon bai isa ba, to ana ba da madara, kuma ga jariri ƙasa da kilo 1.5 an fi son wadda aka haɗa musamman domin bakwaini. Likita ne zai yanke wannan, ya kuma faɗi awon. Madarar shayi, nonon saniya da na akuya ba su cikin lissafi ko kaɗan.

Shawarar Hajiya ta biyu, wato nonon ƙanwar mai jego, ta fi ta farko kusa da abin da bincike ya nuna, domin bayan nonon uwa abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata ga jarirai ƙanana irin wannan shi ne nonon wata mace. Sai dai nonon da aka yi gwaje-gwajen da shi ya fito ne daga ma'ajiyar nono, inda ake gwada jinin mai bayarwa, a dafa nonon a digiri 62.5 na minti 30, sannan a adana shi. Barazil tana da irin waɗannan ma'ajiyu fiye da 200, Kenya ta buɗe ta farko a asibitin Pumwani na Nairobi a 2019, amma tsarin bai yaɗu a asibitocinmu na Arewa ba. Idan za a karɓi nono daga 'yar'uwa, to ya zama da sanin likita, a yi mata gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da sauran abin da likitan ya ga ya dace, domin cutar tana bin nono. Sannan tatsa za ta yi a ba yarinyar ta roba, ba a ɗora mata ita a ƙirji ba. Akwai kuma hukuncin addini da bai kamata a wuce shi ba: shayarwa tana haramta aure tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ko kaɗan ne ya isa cikin jariri ya wadatar, ko da ba ta tsotsa ya shiga ba. A sanar da iyalan biyu, a rubuta a ajiye, a kuma tuntuɓi malamai kan bayanin hukuncin.

Kafin a kai ga wannan, a fara da taimaka wa uwar, domin a kwana na uku ƙarancin nono ba abin mamaki ba ne, yawanci a tsakanin kwana na biyu da na huɗu yake kawowa, kuma yakan ɗan makara ga wadda aka yi wa tiyata ko ta zubar da jini da yawa. Abin da ke kawo nono shi ne yawan fitar da shi. Ta riƙa tatsa aƙalla sau takwas a yini da dare, har da sau ɗaya a tsakar dare, ko da ɗigo biyu take samu. Ta wanke hannu da sabulu, ta sa babban yatsa a saman baƙin da ke kewaye da kan nono, manuniya a ƙasa, ta danna zuwa ƙirji sannan ta matse, ta saki, ta sake, tana zagayawa, ba tare da jan kan nonon ba. A kwanakin farko nas takan tsotse ɗigon da ƙaramin sirinji don kada ya salwanta a jikin kofi. Tatsa a gefen jaririyar, ko bayan ta ɗauke ta a ƙirji, ta fi ba da nono. Nonon da aka tatsa kada ya wuce awa huɗu a ɗaki, a zafin bazarar Katsina ma gara a yi amfani da shi tun kafin haka idan babu firji. Ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa, kunun gyaɗa da fura duk suna da kyau. Kunun kanwa ne nake roƙon a sassauta, domin babu hujjar cewa kanwa tana ƙara nono, alhali tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan ta, tare da wankan jego mai tsananin zafi, da ciwon zuciyar masu jego. Naka aikin, Malam, shi ne ka rage mata masu zuwa barka da masu faɗin cewa nononta ba shi da kyau, domin tashin hankali yana hana nono sauka.

Abu ɗaya da ke taimakon ciyarwa fiye da yadda mutane ke zato shi ne goyon ƙirji, wanda ake kira goyon kangaru: a ɗora jaririya tsirara sai kunzugu da hula a tsakanin nonon uwa, fata na taɓa fata, a ɗaure da zane. Likita Edgar Rey ne ya fara shi a Bogota ta Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalaben jarirai. A 2021 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Gana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Nijeriya, inda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya shiga, a kan jarirai 3,211 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka fara yi wa goyon nan da nan bayan haihuwa, tun ba su gama daidaita ba, kashi 12 cikin 100 ne suka rasu a kwana 28 na farko, waɗanda aka jira sai sun daidaita kuwa kashi 15.7. Robar hanci ba ta hana shi, ana ma ba da nonon jaririyar tana kwance a ƙirji. Idan uwa ta gaji, kai ko Hajiya za ku iya karɓa, kuma wannan zai fi amfani idan kun koma Daura a cikin hunturu, lokacin da sanyi ke cinye abin da bakwaini ya ci.

Nan da mako ɗaya ko biyu, idan numfashinta ya daidaita, za a fara ɗora ta a nonon da aka riga aka tatse domin ta koyi tsotsa ba tare da nono ya yi mata yawa a baki ba, kuma bincike ya nuna irin wannan tsotsar tana gaggauta rabuwa da roba. Daga nan sai kofi. A nan ne nake son Hajiya ta tsaya ta gani da idonta, domin shayarwa da kofi ba ɗura ba ce. Ana naɗe jaririya a zane don kada hannunta ya buge kofin, a zaunar da ita a ɗan kishingiɗe a kan cinya tana farke, a ɗora bakin ƙaramin kofi a leɓenta na ƙasa, a karkata shi har nonon ya taɓa leɓen kawai, sai a tsaya. Ita za ta riƙa lasa da harshe kamar yadda 'yar kyanwa ke lasar madara, ta huta, ta ci gaba. Ba a zuba mata a baki, ba a toshe mata hanci, ba a yi tana barci ko tana kuka. Ɗura irin ta gida, wadda ake tara ruwa a tafin hannu a matsa wa yaro ya haɗiye, tana kai abinci huhu ko ga yaro mai ƙwari, balle bakwaini.

Game da fida, gwaje-gwajen da aka tattara sun nuna cewa bakwainin da aka yi wa ƙari da kofi maimakon fida sun fi komawa gida suna shan nonon uwa zalla, kuma bambancin yana nan har watanni bayan sallama. Aibin kofi shi ne zubewa, don haka akan ɗan ƙara a kan awon. Ni kuma ina ƙara wani dalili na gida: kofi ana wanke shi tas da ruwa da sabulu, fida kuwa tana da lunguna da kan roba inda madara ke maƙalewa ta yi tsami, sai gudawa ta biyo baya.

Wasu abubuwan da za ka ji ana muhawara a kansu ba su kai a damu ba. Ko robar ta bi ta hanci ko ta baki, ko a ba da nonon lokaci-lokaci ko na'ura ta riƙa tura shi a hankali ba tsayawa, gwaje-gwaje ba su nuna wani ya fi wani a fili ba, kowane asibiti yana bin abin da ma'aikatansa suka saba da shi da kuma yanayin numfashin jaririn. Abin da aka fi so kafin mako 34 a lissafin ciki shi ne a ciyar bisa agogo, duk awa biyu ko uku, domin bakwaini ba ya farkawa ya yi kukan yunwa. Jaririn da ya cika watanninsa kafin a haife shi kuwa ana ba shi ne duk lokacin da ya nema, sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare.

Dakashi, wato nonon farko mai kauri da ruwan ɗorawa da wasu ke matsewa su zubar, shi ne mafi yawan sinadaran kariya, kuma shi 'yarka take samu a yanzu. Wani bincike a karkarar Gana da aka wallafa a 2006, a kan jarirai 10,947, ya ƙiyasta cewa za a iya kauce wa kashi 22 cikin 100 na mace-macen watan farko da duk jarirai za su fara shan nono a awar farko. Binciken na lura ne, kuma jariri marar lafiya dama yakan makara wajen kama nono, don haka ba na ɗaukar adadin a matsayin tabbatacce, amma binciken da aka yi a wasu ƙasashe ya nuna alkibla ɗaya. Ruwa kuwa ba ta buƙatarsa har wata shida, ko a watan Afrilu, domin kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. Haka ruwan rubutu, jiƙo, man shanu da ruwan sukari: a yi mata addu'a, amma kada a sa komai a bakinta. Zuma ma ba a ba yaro ita sai ya shekara, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya shanye jikin jariri. Cire belu kuma a bar shi gaba ɗaya, domin bayan haɗarin jini da cuta, ciwon yana hana tsotsa.

Kada ka firgita idan nauyinta ya ragu a makon farko, kusan kowane jariri yana raguwa, kuma yakan koma nauyin haihuwa cikin mako biyu ko ɗan fiye. Bayan haka ana son ta riƙa ƙara kusan giram 15 ga kowane kilo a kullum, wato wajen giram 20 a wurinta. Idan ba ta kai haka ba, likita zai iya ƙara yawan nonon, ko ya sa a riƙa ba ta nonon ƙarshen tatsa wanda ya fi maiƙo, ko a zuba wani garin ƙarin sinadarai a cikin nonon idan akwai shi, wanda ke ƙara saurin girma a asibiti. Za a kuma rubuta mata ɗigon maganin ƙarin jini bayan makonnin farko, domin yawancin sinadarin ƙarfen da jariri ke tarawa a watanni ukun ƙarshe na ciki yake samun sa, ita kuwa ba ta cika su ba. A ci gaba da ba ta shi har lokacin da aka ce a daina.

Idan an sallame ku, a tashe ta a ba ta nono duk awa biyu zuwa uku ko da tana barci, a lura tana jiƙa kunzugu aƙalla sau shida a yini da dare, a kuma kai ta awo a ranakun da aka sa. Kumburin ciki, amai kore, jini a kashi, ƙin shan nono sau biyu a jere, sanyin jiki ko ɗaukewar numfashi, kowanne daga cikinsu dalili ne na zuwa asibiti mafi kusa a wannan lokacin, ko da dare ne, kuma a tafi da ita a ƙirjin uwarta a cikin mota.